Yaran da ke yanke min shinkafa: ƙwadago ne ko bauta?

Mai Shinkafa, Argungu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta hirarrakin nan ban taɓa tsoma baki ba. Yau dai abin ya fi ƙarfina, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi.

Sana'ata shinkafa. Kada ku ɗauka irin manyan injinan nan ne da tireloli ke jerin gwano a ƙofarsu. Shanshera nake saya a hannun manoma, mata takwas na unguwarmu su turara min, a shanya, a kai inji a cashe, mu tsince tsakuwa, mu ɗura a buhunan kilo 5 da 10 da 25 masu sunan shagona. Bana shekarata shida a ciki. Yawancin kayan Abuja da Legas suke tafiya, kuma da shi nake biyan kuɗin makarantar yara.

A watan jiya wata mai kanti a Legas, wadda ta fi kowa ɗaukar kaya a wurina, ta turo min takarda ta WhatsApp, wai in cike in sa hannu, don ita ma wani babban otal da take kai wa kayan abinci ne ya nema. Cikin tambayoyin har da wannan: ko akwai aikin tilas, ko aikin ƙananan yara, ko wanda aka yi safararsa, a cikin duk hannuwan da suka taɓa shinkafar tun daga gona har buhu. Dariya na yi. Na ce wa ɗiyata, mutanen Legas da iyayi, mu nan ina muka ga bayi? Na bar takardar da niyyar in sa hannu in na samu sarari.

Ranar Talata na shiga fadama, can wajen hanyar Augie, gonar mutumin da na fi sayen kaya a hannunsa. Aminin maigidana ne tun suna makarantar allo, yarana Baffa suke ce masa. Tun watan Janairu na ba shi kafin alƙalami ya sayi taki da man injin ban ruwa, a kan in an yanke zai ba ni buhu 120. To an fara yanka, na je in ga kaya da idona.

Na tarar da samari goma sha huɗu, wasu na yanka da lauje, wasu na bugu a jikin duro. A bakin gona an ɗaura tamfol a kan sanduna, ga tukunya ɗaya da tabarmi, da gani nan suke kwana. Bakinsu na Zamfara ne. Wannan bai dame ni ba, tun ina yarinya nake ganin 'yan ci-rani a Kabi.

Ina zaune a inuwar mota ina ƙirga buhu sai wani yaro ya sauke damin da ke kansa ya zo neman ruwa. In ya yi yawa shekara goma sha uku. Ya sha, ya waiga nan ya waiga can, ya ce a hankali, "Inna, don Allah ara min waya in kira gida." Na ce ina taka? Ya ce tana wurin Oga, duk wayoyinsu na wurin Oga. Lambar a kansa take. Da uwar ta ji muryarsa sai ta fashe da kuka, har ina jiyowa daga inda nake. Wata biyu ba ta san ko yana raye ba.

Na karɓi wayar muka yi magana da ita. 'Yan wani ƙauye ne a yankin Bukkuyum, 'yan bindiga suka tashe su, yanzu suna zaune a wani kango a Gummi. Wani mutum ya zo ya ce akwai aikin yankan shinkafa a Kebbi na sati uku, naira dubu uku kullum, ci da kwana kyauta. Ta ba shi 'ya'yanta biyu. Yaron ya ƙara min da cewa wannan ce gona ta huɗu da aka kai su, kuma ko sisi ba a ba su ba. Oga na da littafi, yana rubuta kuɗin motar da ta kawo su, da abinci, da magani, har da lauje. Ya ce sai an gama kaka za a yi lissafi, wanda ya tafi kafin nan ba shi da komai, kuma za a je a karɓi kuɗin mota a wurin iyayensa. Biyu sun taɓa gwada tafiya, a tasha aka je aka dawo da su. Yayansa kuwa tun sati na biyu aka raba su, an haɗa shi da wata tawagar.

Na je wurin Baffa na faɗa masa. Ya ce, "Hajiya, ni jinga na bayar. Na ba ogansu rabi, in sun gama in cika masa. Abin da ke tsakaninsu ba ruwana." Kuma ba ƙarya ya yi ba, na san shi, ba ya cin haƙƙin ɗan ƙwadago da hannunsa.

Tambayata ga masu sani. Wannan ne abin da takardar can ke nufi? Don ni ban ga sarƙa ba, ban ga ƙofa a kulle ba, fili ne fetal. In shi ne, ni mai saye ina da laifi? In janye, kuɗina na ciki. In kai ƙara, wa zan kai, kuma da wane ido zan kalli maigidana da amininsa? Buhu 40 na farko suna sito yanzu haka, na kasa cewa a kai wa mata su turara.

Barista, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tambayarki ta farko: shi ne, ba ko tantama.

Sarƙa ba ta cikin sharuɗɗan. Aiki mai wahala da rana a ka ba shi ne aikin tilas ba, ƙaramin lada ma ba shi ba ne. Abin da ake dubawa guda ne: in mutum ya ce ya fasa, zai iya ɗaukar takalminsa ya tafi ba tare da an hukunta shi ba? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta jera alamomi goma sha ɗaya da ake gane aikin tilas da su. A labarinki kaɗai na ƙirga bakwai: an yaudare su kan tsawon aikin da ladansa, an ci gajiyar ƙuncin da suke ciki, an riƙe musu lada, an ɗora musu bashin da ba su san iyakarsa ba, an hana su tafiya, an raba su da gida ta hanyar karɓe waya, an yi musu barazana da iyayensu. Shi kuwa ƙaramin, tunda bai kai 18 ba, ko da uwarsa ta yarda ko shi ya yarda, yardar ba ta wanke wanda ya ɗauko shi.

Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana bauta da aikin tilas. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta yi bayani dalla-dalla. Sashe na 22 ya ce wanda ya ɗauko mutum, ko ya yi jigilarsa, ko ya ajiye shi, ko ya bayar da shi haya don aikin tilas, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 5 ba, da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba. Ga inda ya shafi Baffanku: hukuncin nan ya hau kan wanda ya bari aka yi amfani da wurinsa don irin wannan aiki. Gona wuri ce. Jiya yana iya cewa bai sani ba, daga ranar Talata da kika faɗa masa wannan ƙofar ta rufe. Sashe na 23 kuma ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba ga mai sa yaro aikin da ke cutar da shi.

Ke da kika sayi shinkafa ba ke kika ɗauko su ba, ba kuma a wurinki suke ba. Inda za ki jefa kanki cikin rigima shi ne sa hannu a takardar can kina cewa babu, alhali kin gani.

Kada kuma ki ɗauka sana'arku ta fi ƙarfin wannan abu. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa a Kano suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka kulle a ciki kusan wata uku da sunan korona. Waccan akwai katanga, shi ya sa duniya ta ji. Ta fadama ba katanga, littafin bashi ne katangar.

Wurin kai rahoto shi ne NAPTIP. Tun 2003 aka kafa ta, kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Wanda za a nema shi ne ogan, ba aminin maigidanki ba, muddin ya ba da haɗin kai.

Manomin Dakingari

Barista, kai kana ofis ƙarƙashin hwanka, bari mu da ke cikin taɓo mu hwaɗi tamu.

Shinkahwa in ta nuna ba ta jiran kowa. Ka ƙara mata kwanaki ta zube ƙasa, abin da ya rage jan baki su kwashe. Kana son hannu goma sha biyar rana guda, kuma kowane manomi na hwadama shina son su wannan satin. Samarin garinmu sun tahi kabu-kabu, wasu sun tahi haƙar zinari Yawuri. Bara waccan na ɗauki wasu da kaina, na ba su rabin kuɗɗi tun da marece, da asuba na tarar da tabarma kawai. Shi ya sa munka koma ga masu kawo lebura. Ka yi magana da mutum guda, ka biya mutum guda, ka kwana da hankalinka.

Kuma Hajiya, ki yi haƙuri, ke ma da naki. Ku masu ba da kafin alƙalami tun Janairu kuke yanke kuɗɗin buhu, lokacin da manomi ba shi da bakin musu. Tunda anka cire tallahin mai a 2023, injin ban ruwa ya koma cin kuɗɗi awa mota. Taki ya hau. In kin matse Baffa, shi wa zai matse? In oga biyu sunka zo, guda ya ce jingar ga dubu ɗari biyu, guda ya ce ɗari da ashirin, wa kike zaton zai ɗauka? To wanda ya ce ɗari da ashirin ɗin nan, ki tambayi kanki ina ya samo rangwamen. Daga cikin yaran nan ya samo shi.

Amma gaskiya guda ce. Ci-rani da munka gada, mutum da ƙahwarshi ya zo, da ƙahwarshi shika komawa. Karɓe waya da bin mutum tasha a kamo shi, wanga ba namu ba ne, kuma ban yarda a yi shi gonata ba. Ni yadda nike yi yanzu, oga shina da ladan kawo mutane, kai guda kaza, na ba shi nashi daban. Su kuwa yaran kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nike ƙirga ma kowa nashi a hannu, gaban limami ko wakilin mai gari. Wanda ya ga zai tahi ya tahi, bai bi ni ba ban bi shi ba. Tun da na hwara haka ba wanda ya gudu, don ba a gudun wurin da kuɗɗi ke hitowa duk sati. Liman namu kullum shina tuna muna hadisin da ke cewa a ba ɗan ƙwadago ladanshi kahin guminshi ya bushe. Wata biyu kuwa gumi ya bushe ya sake bushewa.

Mai Shinkafa, Argungu

Baba, ka taɓo inda yake min ciwo. A Janairu sai da muka yi kusan awa guda muna ja da Baffa a kan kuɗin buhu, na tashi ina jin daɗi wai na iya ciniki. Har na ba maigida labari muna dariya. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da na rage zai bi ta kan wani ya fita ba.

Ɗan Anka

Hajiya, ni an yi min irin wannan, ba labari aka ba ni ba. Ina da shekara goma sha shida wani ya kwashe mu mu tara zuwa ramin zinari. Diga bashi, fitila bashi, garin kwaki bashi, har ƙwayar da ake ba mu don kada mu ji gajiya a littafi take. Wata bakwai na yi. Ranar da na samu na fito, da wandon da na je da shi na koma. Mu mutanen yankin nan da muka ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mun san ramin nan ba wurin yaro ba ne, amma yunwa ba ta tuna tarihi.

Abin da zan roƙe ki, kada ki tari ogan nan gaban yaran, kada kuma ya ji cewa wani ya ari wayarki. In ya ji, daren ranar zai kwashe su zuwa wata gona, kuma ƙaramin ne zai sha duka. Masu irin wannan aiki ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa kika ji gona ta huɗu.

In kin je wata gonar nan gaba, kada ki tambayi lebura ko ana zaluntarsa. Zai ce miki lafiya lau. Ni ma haka na riƙa cewa, wani lokacin don tsoro, wani lokacin don kunya. Ki tambaye shi yaushe aka ba shi kuɗi a hannu na ƙarshe. Ki tambaye shi nawa ake bin sa. In ya ce bai sani ba, Oga ne ya sani, to kin samu amsarki. Ki tambaye shi in aka ce mahaifiyarsa ba lafiya yau, zai iya kama hanya? Kuma ba a cikin gona ake wannan tambayar ba, a wurin mai shayi ko bakin ruwa in sun je wanka.

Sai abu na ƙarshe, wanda masu son taimako suka fi mantawa. Yaran nan ba ceto kawai suke so ba, kuɗinsu suke so. Abin da ya riƙe ni wata bakwai ba tsoron duka ba ne, tunanin in shiga gida hannu rabbana ne bayan an san na tafi nema. In kika janye cinikinki kawai, Baffa zai sayar wa wani, su kuma suna nan inda suke. In aka mayar da su Gummi ba ko sisi, kafin wata ya zagayo wani ogan ya sake kwasarsu, don kangon da suka baro yana nan yadda yake. Rabin kuɗin jingar da bai fita daga hannun Baffa ba, shi ne makaminki. Kada ya fita.

'Yar Jega a Kano

Yaya, ina aiki da masu fitar da riɗi da zoɓorodo waje, irin takardar nan duk shekara sai mun cike. Asalinta daga can ne. Ingila ta yi doka a 2015 da ta tilasta wa duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya riƙa bayyana matakin da yake ɗauka don kada bauta ta shiga kayansa. Tarayyar Turai ma ta zartar da tata a 2024, daga Disambar 2027 za a hana kayan da aka yi da aikin tilas shiga kasuwarsu. Babban kamfani ya tambayi na ƙasa da shi, shi ma ya tambayi na ƙasa, har ta gangaro wayarki a Argungu. Ƙiyasin da ILO da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani a duniya, kusan miliyan 28 daga ciki aikin tilas ne.

Kada ki rubuta "babu". Masu karanta takardun nan sun fi yarda da wanda ya ce na duba, ga abin da na tarar, ga abin da na yi. Ki sayi littafi mai bango, duk manomin da kika sayi kaya a wurinsa ki rubuta ƙauyensa, wa ya yanke masa, ta hannun wa aka biya, ranar da kika je gonar. Shi ke nan, ba sai da kwamfuta ba.

Kuma kada idonki ya tsaya a gona. Wa ke kawo itacen da ake turara? Yaran da ke jan kura da shi na waye? Masu dako a bakin inji, su ake ba kuɗi ko wani ke karɓar musu? Matan nan takwas, su kaɗai ke tsaye a bakin tukunya ko da 'yan mata? Ba da wata manufa ba, har cikin gida. Sashe na 23 da Barista ya kawo ya hana ɗaukar yarinyar da ba ta kai shekara 12 ba aikatau, kuma da yawanmu da ke jin tausayin yaran fadama muna da irinta a madafi, wata dillaliya na karɓar kuɗinta duk wata.

Mai Shinkafa, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga inda aka kwana.

Daren Juma'a na karanta wa maigida duk abin da kuka rubuta. Da farko cewa ya yi in bar kaza cikin gashinta, ba a shiga tsakanin mutum da leburansa. Da na kai wurin da Barista ya ce hukuncin na hawa kan mai gona, sai ya yi shiru, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai dawo ba sai sha ɗaya. Ban san me suka ce da Baffa ba, na dai san da safe Baffa ya kira ni da kansa ya ce ragowar kuɗin na nan bai bayar ba.

Mun bi shawarar Ɗan Anka, ba wanda ya ambaci waya. Baffa ya aika wa ogan cewa ya zo ƙofar mai gari ya karɓi cikon kuɗinsa, ya taho da yaran don a sallame su gaba ɗaya. Ya zo da fara'arsa. Mai gari ya ce a kawo littafi. Nan ido ya raina fata. Kuɗin mota naira dubu goma sha takwas ya rubuta wa kowane kai, a motar da ya cusa su kamar buhuna. Abinci ya rubuta musu na kullum, alhali shinkafar da suke dafawa Baffa ne ke auna musu daga rumbunsa kyauta. Da lissafinsa, ƙaramin nan bayan wata biyu yana aiki shi ake bi dubu huɗu. Wani dattijo da ke wurin ya ce a'uzu billahi har sau uku.

Mai gari ya sa aka fito da wayoyi daga jakarsa, aka raba ragowar kuɗin a hannun kowa. Bai kai abin da aka yi musu alkawari ba, ko kusa, don na gonaki uku na baya ya riga ya shige aljihunsa. Na cika wani abu daga wurina, Baffa ma ya cika, fuskarsa ba walwala. Tara sun ce gida za su. Biyar sun ce za su tsaya su ƙarasa yanka in za a riƙa biyansu duk Juma'a kamar yadda Baba na Dakingari yake yi, kuma haka aka yi. Ƙaramin na haɗa shi da wani direba da na sani ya kai shi har Gummi, uwar ta kira ni da magariba.

Na ƙara wa Baffa kuɗi a kan kowane buhu, da sharaɗin baɗi in zai ɗauki lebura ni ko ɗana za mu tsaya ranar biya. Ya karɓa, amma gaisuwarmu ta ɗan yi sanyi, matarsa ma ba ta zo sunan da aka yi a gidanmu ba. Buhu 40 ɗin an kai turara jiya. Ƙanwata ta Kano, na je na tsaya a bakin tukwanen kamar yadda kika ce, na tarar da 'yan mata biyu, ɗaya 'yar mai turarar ce tana zuwa bayan an tashi makaranta, ɗayar an ce riƙo ce daga ƙauye, kuma ba ta zuwa ko'ina. Ban san yadda zan ɓullo wa wannan ba tukuna, matar ta girme ni kuma ta fi kowa iya turara. Takardar Legas na nan ban sa hannu ba, na gaya wa mai kantin ta ba ni sati biyu zan rubuto mata bayani.

Abin da ya rage shi ne yayan yaron. Ogan ya sulale tun kafin a watse daga ƙofar mai gari, wayarsa a kashe. Ɗaya daga cikin samarin ya ce ɗaya tawagar tana wajen Bunza, su goma sha ɗaya ne, kuma yankan can bai wuce kwana goma a gama ba. Barista ya taimaka mun rubuta rahoto da hoton shafukan littafin da ɗana ya ɗauka, ranar Litinin zai kai Sakkwato. Kafin nan, in akwai mai ɗan uwa manomi ko direba a tsakanin Bunza da Dakingari, don Allah ya yi min magana ta gefe. Baba, kai nake fara kallo. Yaron dogo ne baƙi, shekararsa goma sha bakwai, uwar ta ce yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu.